Kalma ɗaya, haruffa 33: a ina Holanci ke yanka gaɓa, kuma yaya ake furta dogayen kalmominsa?

Kwanakin baya wani ƙanena da ya samu aiki a Holand ya turo min hoton takardar da aka ba shi ya karanta kafin ya sa hannu. Ya zagaye kalma ɗaya da jan biro: arbeidsongeschiktheidsverzekering. Haruffa 33 a jere, babu sarari ko ɗaya. A ƙasa ya rubuta, "Yaya, don Allah wannan kalma ce, ko inji ne ya manne layi guda?"

Tambayar da ake yi ke nan duk lokacin da hoton irin wannan kalma ya zaga a Facebook ko WhatsApp. Wasu na ɗauka kalmomi ne na manyan malamai da sai an haddace su ɗaya bayan ɗaya. Wasu kuma na ganin idan ka san sautin kowane harafi, sai ka kama daga hagu ka yi ta tafiya har ka kai ƙarshe, kamar yadda muke karanta Hausar boko. Duka biyun kuskure ne, na biyun ma ya fi cutarwa, domin shi ne ke sa mutum ya faɗi wata kalma dabam da wadda aka rubuta.

Wane harshe ake magana a kai?

Masu harshen suna kiran sa Nederlands. A nan za mu ce Holanci. Kusan mutum miliyan 25 ne suka tashi da shi a baki, a Holand da arewacin Beljiyam da Surinam da wasu tsibiran Karebiyan irin su Aruba da Kurasawo. Bai yi mana nisa yadda muke zato ba. Atamfar Holand da iyayenmu mata ke ji da ita, kamfanin Vlisco ne ke buga ta a garin Helmond. Tijjani Babangida, ɗan Kaduna, ya taka leda a Ajax, Ahmed Musa kuma daga VVV-Venlo ya fara a Turai. Sunan Clemens Westerhof, wanda ya ci wa Najeriya kofin Afirka a 1994, shi kansa kalmomi biyu ne a haɗe, wester da hof. Mun daɗe muna furta harɗaɗɗun kalmomin Holanci ba tare da mun lura ba.

Mece ce harɗaɗɗiyar kalma a wurinsu?

Suna kiran ta samenstelling, wato abin da aka haɗa wuri guda. Kalmomi biyu ko fiye, kowacce mai iya tsayawa da ƙafarta, a ɗinke su su ba da ma'ana ɗaya. Mu ma muna yi: gidan waya, jirgin sama, ɗan sanda, faɗi-ka-mutu. Bambancin biyu ne.

Na farko, su ba sa barin sarari. Zieken, marasa lafiya, da huis, gida, sun zama ziekenhuis, asibiti. Hand, hannu, da schoen, takalmi, sun zama handschoen, abin da mu muka kira safar hannu. Kunkuru a wurinsu schildpad ne, kwaɗo mai garkuwa. Markaɗaɗɗiyar gyaɗar da ake shafa wa burodi kuwa pindakaas ce, cukun gyaɗa.

Na biyu shi ne mabuɗin komai. Bahaushe yana sa uwar kalmar a gaba, bayaninta ya biyo baya: gida tukuna, sannan waya. Holanci yana juya abin, uwar kalmar ita ce ta ƙarshe. Ziekenhuis gida ne, handschoen takalmi ne. Jinsin kalmar ma daga ƙarshe ake ɗauko shi. Ana cewa het huis amma de deur, ƙofa, don haka ƙofar gida de huisdeur ce. Mu kuma daga farko muke ɗauka, shi ya sa muke cewa gidan waya ya buɗe, ko da yake waya mace ce.

Saboda haka abin da na gaya wa ƙanena shi ne ya ɗauki fensir ya fara daga baya. Verzekering, inshora. Sai ƙaramin s. Sai ongeschiktheid, rashin iyawa. Sai wani s. Sai arbeid, aiki. Karanta daga ƙarshe zuwa farko, ga Hausa tsaf ta fito a jerenta: inshorar rashin iya aiki. Wato kuɗin da za a riƙa biyan mutum idan ciwo ko haɗari ya hana shi neman abinci. Kalmar da ta tsorata shi, ita ce wadda ta fi kare shi a cikin takardar.

Buɗaɗɗiyar gaɓa da rufaffiya

Kafin a fahimci dalilin da ya sa wurin yanka yake da muhimmanci haka, sai an san wata ƙa'ida da yaran Holand ke fama da ita tun farkon firamare. Duk wanda ya yi Hausa a makaranta ya san buɗaɗɗiyar gaɓa, wadda ta ƙare da wasali kamar ka, da rufaffiya, wadda ta ƙare da baƙi kamar kan. A Holanci, gaɓa lettergreep ce, kuma buɗewarta ko rufewarta ita ke gaya maka tsawon wasali.

Wasali ɗaya a rufaffiyar gaɓa gajere ne: man, namiji. Idan ana son dogo a rufaffiyar gaɓa sai a rubuta shi biyu: maan, wata. Idan gaɓar ta buɗe, wasali ɗaya ya isa ya zama dogo, shi ya sa jam'in maan yake ma-nen, da a ɗaya. To yaya jam'in man zai kasance, tunda manen ya riga ya zama na wata? Sai a ninka baƙin don a rufe gaɓar: man-nen. Wannan ninkin ba shadda ba ce irin ta hannu ko sarauniyya a bakin Basakkwace. Ba a danna n ɗin. Aikinsa kawai ya tsare wasalin da ke gabansa ya zauna gajere. Haka boom, bishiya, jam'insa bomen, amma bom, bam, jam'insa bommen.

Ni a ganina wannan dabara ce mai kyau, kuma mu muka fi kowa sanin darajarta, domin rubutunmu bai tanadi irinta ba. Muna rubuta gari, mai karatu ne zai laluba ko wanda ake zama ne ko wanda ake tuƙa tuwo da shi. Su sun sa tsarin gaɓa ya ɗauke wa mai karatu wannan laluben. Sai dai kuma duk tsarin ya rataya ne a kan abu ɗaya: ka san inda gaɓa ta tsaya.

Inda ɗinki yake, nan ake yankawa

A kalma tilo, baƙin da ke tsakanin wasula biyu yana bin gaɓa ta gaba: ma-ken, lo-pen. Wannan ya yi daidai da kunnen Bahaushe. Amma a harɗaɗɗiyar kalma, ɗinkin da ke tsakanin kalmomin ya fi wannan ƙa'ida ƙarfi. Ana fara raba kalmar a ɗinkinta, sannan a yanka kowane ɓangare shi kaɗai.

Ɗauki pakezel. Idonka zai ce pa-ke-zel, da dogon a. Babu wannan kalma. Abin da ke nan pak ne, kaya, da ezel, jaki: pak-ezel, jakin kaya, da gajeren a. Haka visolie ba vi-solie ba ne, vis-olie ne, man kifi. Babbar ƙofar shiga gini kuwa, hoofdingang, hoofd-ingang ce, duk da cewa ido na hango ding a tsakiya.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Akwai kalmomin da duka yankan biyu suna da ma'ana, kuma masu harshen kansu sun san su, suna wasa da su. Valkuil idan ka yanka val-kuil, ramin tarko ne. Idan ka yanka valk-uil, wani irin mujiya ne. Kwartslagen na iya zama kwart-slagen, juyin rubu'i-rubu'i na da'ira, ko kwarts-lagen, shimfiɗun wani farin dutse a ƙarƙashin ƙasa. Massagebed ya fi su nisa: massage-bed gadon tausa ne, massa-gebed kuwa addu'ar taron jama'a. A nan har sautin g yana canzawa. A na farko laushi gare shi irin na Faransanci, kusa da j ɗinmu, a na biyu kuma daga maƙogwaro yake fitowa, kamar harafin kha na Larabci da muka koya a makarantar allo.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce dijkramp. Dij-kramp ɗaurewar jijiya ce a cinya, irin wadda ke kama ɗan ƙwallo. Dijk-ramp kuwa bala'in ɓallewar madatsar ruwa ne. A ƙasar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata ke ƙasa da doron teku, wannan kalma ba abin wasa ba ce. A daren 31 ga Janairu, wayewar 1 ga Fabrairun 1953, teku ya fasa madatsu a kudu maso yammacin ƙasar, mutum 1,836 suka rasu. Har yau suna kiran abin Watersnoodramp, wadda ita ma ɗinki ce: water, ruwa, s, nood, halin ƙunci, ramp, bala'i. Harafin k guda ɗaya, ko ya matsa hagu ko ya matsa dama, shi ke raba ciwon cinya da makokin ƙasa.

Ta yaya ɗan ƙasa ke gane wadda ake nufi? Da ma'anar zancen, kamar yadda mu muke gane gari. Kuma ƙa'idar rubutunsu ta yarda marubuci ya sa karan ɗori idan yana tsoron ruɗani, ya rubuta massa-gebed. Kwamfuta ce ta fi shan wahala, domin idan layi ya ƙare a tsakiyar kalma dole ta zaɓi wurin yanka, kuma idan ba ta san ɗinkin ba sai ta yanka a gurguwar gaɓa.

Abin da baki ke yi a wurin ɗinkin

Holanci yana da wata ɗabi'a: baƙi mai ziza, wato wanda maƙogwaro ke kaɗawa wajen furta shi, irin d da b, idan ya zo ƙarshen kalma, zizar tana mutuwa. Hand ana rubuta shi da d amma ana faɗin hant. A jam'i, han-den, d ɗin ya koma farkon gaɓa, sai ya dawo da zizarsa. A harɗaɗɗiyar kalma, kowane ɓangare yana riƙe da halinsa na kalma, don haka handarbeid, aikin hannu, ana faɗin sa hant-arbeit, ba han-darbeit ba. Hoofdingang ma hooft-ingang ake ji. Idan ka saurara da kyau, wannan t ɗin shi ke sanar da kai cewa nan kalma ɗaya ta ƙare.

Sai naso, wanda mu ma gwanaye ne a kansa. Muna rubuta gidan biki amma bakinmu gidam biki yake cewa. Muna rubuta rigar sarki, da yawanmu rigas sarki muke faɗi. Haka su ma. Aanbod, tayi, ana jin sa aambot. Zakdoek, hankici, k ɗin yana ɗaukar zizar d, ya zama zagduk. Voetbal, ƙwallon ƙafa, vudbal ake ji. Handdoek, tawul, d biyun suna narkewa su zama ɗaya, handuk. A magana ta yau da kullum tandpasta, man goge baki, yakan koma tampasta, t ɗin postzegel, kan sarki, kuma yakan ɓace gaba ɗaya. Mai koyo da ya dage sai ya furta kowane harafi, za a gane shi, amma shi ba zai gane su ba idan suka saki baki.

Sannan nauyin murya. Holanci ba shi da karin sauti irin namu, yana da dannawa, gaɓa ɗaya ta fi sauran ƙarfi. A harɗaɗɗen suna, galibi ɓangaren farko ne ke ɗaukar nauyin: ZIEkenhuis, HANDschoen, VOETbal. Ma'ana tana baya, nauyi yana gaba. Akwai masu fita daga layi, kamar stadHUIS, babban ofishin gari, da sunayen AmsterDAM da RotterDAM, waɗanda asalinsu madatsa ce a kan kogin Amstel da kogin Rotte. Wani lokaci nauyin kaɗai ke raba ma'ana: VOORkomen faruwa ne, voorKOmen kuwa hana abu faruwa. Likitan da ya faɗi ɗaya a madadin ɗaya ya juya maganarsa gaba ɗaya.

Rigimar n, da s, da karan ɗori

Waɗannan ƙananan haruffa da ke shiga tsakanin kalmomi, kamar s ɗin da muka gani a kalmar ƙanena, sun yi kama da -n da -r ɗinmu na gidan waya da motar haya. Wajen yanka gaɓa, kullum suna bin ɓangaren farko: stations-plein, dandalin tashar jirgin ƙasa, verblijfs-vergunning, izinin zama. Shi s bai cika jawo faɗa ba, idan ana jin sa a rubuta shi. Inda kalma ta biyu ta fara da s, sai a gwada da wata: tunda ana cewa dorpsplein, dandalin ƙauye, to titin ƙauye dorpsstraat ne da s biyu.

N ne ya kai ruwa rana. Holand da Beljiyam suna da hukumar harshe ta haɗin gwiwa, Taalunie, wadda suka kafa a 1980, Surinam ta shiga a 2004. Ƙa'idar rubutu ta hukuma tana cikin jerin kalmomin da kowa ke kira Groene Boekje, koren ɗan littafi, wanda ya fara fita a 1954. A gyaran 1995 aka ce idan kalmar farko jam'inta da -en kaɗai yake ƙarewa, to a rubuta n a tsakiya. Dare ɗaya pannekoek, fanken da kowane yaro ya sani, ya zama pannenkoek. Miyar kaza ta zama kippensoep da n, amma miyar ganye ta zauna groentesoep babu n, domin groente tana da jam'i iri biyu. Hasken rana ya zauna zonneschijn, wai don rana ɗaya ce tak. A 2005 aka sake taɓawa, furen paardebloem ya koma paardenbloem.

Abin da ya ƙona wa mutane rai shi ne yawancin masu harshen, musamman a yammacin Holand, ba sa furta wannan n ɗin ko kaɗan. An rubuta pannenkoek, baki na cewa pannekuk kamar jiya. Masu goyon bayan gyaran suka ce da can ƙa'idar ta dogara ne ga tunanin ko abu ɗaya ake nufi ko da yawa, wanda ba shi da tabbas, yanzu kuwa akwai ma'auni da za a koyar. Masu adawa suka ce an ɗora wa yara da baƙi nauyin sanin jam'in kowace kalma don harafin da kunne ba ya ji. Bayan gyaran 2005, manyan jaridu irin su de Volkskrant da NRC Handelsblad da Trouw, da kafar labarai ta NOS, suka ƙi bin sabon tsarin, suka koma ga Witte Boekje, farin ɗan littafi, na ƙungiyar Onze Taal. Dokar dama ofisoshin gwamnati da makarantu kawai ta ɗaure. A wannan rigima zuciyata na tare da masu adawa. Harafin da ba ya taimakon furuci, ba ya kuma raba ma'ana, wahala ce kawai ga mai koyo.

Amma gyaran 1995 ya yi wani abin da na yaba. Da, idan wasula suka yi karo a ɗinki, ɗigo biyu ake sawa a kan na biyun, a rubuta zeeëgel. Yanzu karan ɗori ake sawa: zee-egel, bushiyar teku, auto-ongeluk, haɗarin mota. Ɗinkin ya fito fili, ido ya huta. Ɗigo biyun sun rage a cikin kalmomi tilo kamar België, da lambobi kamar tweeëntwintig, 22.

Me zai hana a raba su kawai?

Wannan ita ce tambayar da ƙanena ya biyo da ita, kuma 'yan ƙasar da yawa a aikace haka suke yi, a allunan shaguna da tallace-tallace, suna kwaikwayon Turanci. Masu kishin harshen sun laƙaba wa abin suna Engelse ziekte, cutar Ingilishi. Hujjarsu tana da ƙarfi. Langeafstandsloper a haɗe, mai gudun dogon zango ne. Lange afstandsloper a rabe, dogon mutum ne mai gudun zango. Sararin ya ɗauke tsawon daga hanya ya ɗora wa mutum.

Bahaushen da ya taɓa ganin an rubuta bashi a inda ake nufin ba shi, ko akan a inda ake nufin a kan, ya san wannan ciwo. Mu haɗewa ce ta fi damun mu, su rabewa, amma asarar ɗaya ce. Sannan a wurinsu haɗewar tana gaya wa mai karatu inda zai sa nauyin murya: kalma ɗaya, babban nauyi ɗaya.

Abin da ya shafi mai shirin tafiya

Tun 2006, yawancin waɗanda za su bi miji ko mata zuwa Holand daga ƙasashe irin namu sai sun ci jarrabawar farko ta harshe a ofishin jakadanci kafin su tashi. Bayan an isa kuma akwai inburgeringsexamen, jarrabawar zama ɗan gari, mai karatu da rubutu da sauraro da magana. Takardun da mutum zai fara cin karo da su duk irin waɗannan kalmomi ne: burgerservicenummer, lambar shaidar mazauni, zorgverzekering, inshorar lafiya, huurovereenkomst, yarjejeniyar haya. Wannan ta ƙarshe huur-overeenkomst ce, ba huu-rover ba. Wanda bai iya raba su ba, ko ƙamus ba zai cece shi ba, domin da yawa daga cikin irinsu ba sa cikin ƙamus. Kowa na iya ɗinka sabuwa yau, kuma daidai ce.

Inda Bahaushe zai fi jin jiki shi ne cunkoson baƙaƙe. Gaɓarmu ba ta yarda baƙi biyu su fara ta ba, shi ya sa muka cusa wasali muka ce burodi, muka ce fulawa. Holanci kuwa yana da herfststorm, guguwar kaka, da angstschreeuw, ihun tsoro, mai baƙaƙe takwas a jere a rubuce. Harshenmu zai so ya zuba wasali bayan kowane baƙi, kalmar ta kumbura ta ɓace. Maganin shi ne ɗinkin nan dai: herfst, ɗan tsayawa, storm. Angst, sannan schreeuw. Su kansu ba sa furta duka, t ɗin tsakiya yakan ɓace. Kuma suna da nasu cushen wasalin da aka yarda da shi, a tsakanin l ko r da baƙin da ke biye, inda melk, madara, ke zama melek, werk, aiki, ke zama werek. A nan ɗabi'ar bakinmu ta zo daidai da tasu.

Bayan mako biyu ƙanena ya turo saƙon murya. Yana tsaye a tasha, ana jin ƙarar jirgin ƙasa a bayansa, yana karanta min allon da ke gabansa a hankali: fietsenstalling. Ya ce, "Stalling wurin ajiya ne, fiets keke. Yaya, wurin ajiye kekuna ne, kuma n ɗin tsakiyar ba a faɗin sa."